Tambaya da Amsa: Shin waƙar mawaƙi da fuskar jarumi suna kawo ƙuri'a?

Wasiƙun da suka shigo wannan karon kusan duk a kan abu guda suka taru, wato mawaƙa da 'yan fim da zaɓen shugaban ƙasa. Na tsamo huɗu daga ciki. Masu tambaya kan sauya rumfar zaɓe su yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Mun tafka musu da maƙwabcin shagona har muka kusa ɓatawa. Shi cewa yake ba don waƙoƙin Rarara da 'yan Kannywood ba, da Buhari bai ci zaɓen 2015 ba, kuma su ne suka tallata Tinubu a Arewa a 2023. Ni kuma na ce waƙa nishaɗi ce kawai, ba ta ƙara wa kowa ƙuri'a ko ɗaya. Mun yarda kai za ka raba mana gardama, wanda ya faɗi shi zai sayi tsire. Daga wani mai sayar da shadda, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Tsiren nan ku haɗa kuɗi ku saya, amma maƙwabcinka ya zuba kaso biyu, kai ka zuba ɗaya.

Ka tuna masa cewa a 2003, tun kafin duniya ta san Dauda Kahutu Rarara, Janar Buhari ya samu ƙuri'a miliyan 12.7 a ANPP. A 2011 ya sake kwasar miliyan 12.2 a CPC, jam'iyyar da ba ta da gwamna ko ɗaya ranar da aka kaɗa ƙuri'ar. A Kano kaɗai ya tashi da sama da miliyan 1.6 a shekarar, alhali gwamna mai ci, Malam Ibrahim Shekarau, shi ma yana kan takardar ƙuri'a yana neman kujerar. Wato mutumin yana da miliyan goma sha biyunsa a aljihu tun da daɗewa, abin da ya rasa shi ne cikon da zai tsallakar da shi.

Cikon ya zo a 2015, inda ya samu miliyan 15.4, Jonathan kuma kusan miliyan 12.9. To daga ina ƙarin miliyan ukun nan ya fito? A 2013 ne ACN da CPC da ANPP da wani ɓangare na APGA suka dunƙule suka zama APC. A watan Nuwamban shekarar gwamnonin PDP biyar suka tsallaka: Kwankwaso na Kano, Wamakko na Sakkwato, Nyako na Adamawa, Abdulfatah Ahmed na Kwara da Amaechi na Ribas. Sai ga ƙuri'un ƙasar Yarabawa da na Arewa ta Tsakiya sun shigo, ga takaicin Boko Haram da sace 'yan matan Chibok a Afrilun 2014. Bayaraben da ya dangwala wa tsintsiya a Abeokuta ko Ibadan ko kalma ɗaya bai ji ba cikin waƙar Hausa.

Sannan a duba ɗaya ɓangaren. Da taurari ne ke cin zaɓe, da Jonathan bai faɗi ba. Shi ne ya ware wa masana'antar fim ta Nollywood naira biliyan 3 a 2013, kuma da yawa daga manyan jarumanta sun fito fili sun mara masa baya. A Kannywood ma yana da nasa, irin su Sani Danja. Kano ta ba shi ƙuri'a 215,779, ta ba Buhari 1,903,999.

Na 2023 ya fi sauƙin aunawa, domin waƙoƙin Rarara na Tinubu babu lungun da ba su shiga ba. Ana saura 'yan kwanaki zaɓe na hau wani adaidaita sahu daga titin Gidan Zoo. Direban yana sanye da jar hula, ga hoton kwandon kayan marmari, alamar jam'iyyar Kwankwaso a lokacin, manne a gilashi, ga kuma waƙar Jagaban ya ƙure mata murya yana kaɗa yatsu a kan hannun babur. Na ce, "Malam direba, sheƙa ka sauya ne?" Ya kwashe da dariya ya ce, "Haba Baba, kiɗan ne ya yi. Ranar zaɓe kuwa kwandona zan dangwala wa." Da sakamako ya fito, Kwankwaso ya samu 997,279 a Kano, Tinubu 517,341. A Katsina, jihar da Rarara ya fito, jihar shugaban ƙasa na lokacin, Buhari, Atiku ne ya zo na ɗaya. Kaduna da Kebbi da Sakkwato ma Atiku ne. Cikin jihohi bakwai na Arewa maso Yamma, inda aka fi jin waƙoƙin nan, Jigawa da Zamfara kawai Tinubu ya ci. Ƙuri'un da ya tara a sauran kuwa, waɗanda ba kaɗan ba ne, gwamnonin APC da shugabannin mazaɓu da tikitin Musulmi da Musulmi sun fi kowane mawaƙi haƙƙin a jingina musu su.

Yanzu kuma na dawo kanka, Alhaji, domin "ko ƙuri'a ɗaya" da ka ce ya yi yawa. 'Yan siyasar Arewa ba wawaye ba ne, kuma tun zamanin NEPU da NPC ba su taɓa fita yaƙin neman zaɓe ba mawaƙi. Su Sa'adu Zungur da Mudi Sipikin da Gambo Hawaja da baiti suka isar da saƙon NEPU ƙauyukan da jarida ba ta zuwa. Har gobe, mutum nawa ne a kasuwarku ya taɓa buɗe kundin manufofin wata jam'iyya? Amma ka tsayar da yaron da ke ɗauko maka dila daga sito, zai rera maka amshi ba gargada. Yana kai wayarsa wajen masu tura waƙoƙi, a ɗan kuɗi kaɗan a cika masa memori, daga nan ta shiga gidan biki, ta shiga tasha, ta shiga teburin mai shayi. Waƙa tana ba magoya baya bakin magana. Tana sa wanda ya yi sanyi ya ji cewa tafiyar tana da jama'a. Mafi haɗari kuma shi ne zambo: da zarar mawaƙi ya laƙaba wa ɗan takara suna, yara suka ɗauka, to har ya bar siyasa sunan na bin sa, kuma babu taron manema labarai da zai wanke shi.

Ni yadda nake kallonta, waƙar siyasa kamar fifita ce a kan garwashi. In akwai wuta za ta ruru, in babu sai dai toka ta tashi. Farin jinin Buhari ne ya ɗaga waƙoƙin 2015 kafin su kuma su ƙara masa armashi.

Kuma ruruwar nan tana da amfani a ƙasar da mutane ba sa fita zaɓe. A 2023 mutum miliyan 93.4 ne ke da rajista, amma waɗanda suka fita ba su wuce kashi 27 cikin ɗari ba. Tazarar Atiku da Tinubu a Katsina ƙuri'a 6,762 ce, a Sakkwato 3,235. A irin wannan kunnen doki, duk abin da zai tayar da mutum daga kan tabarma ya je ya bi layi cikin rana yana da daraja, ballantana ga dokar samun kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu bisa uku na jihohi. Sai dai kada a manta kowane ɓangare yana da nasa makaɗan, fifitar ba a hannu ɗaya take ba.

TAMBAYA: Barka da aiki Baba. Ni ɗaliba ce mai karantar kimiyyar siyasa. Na ga manyan mawaƙan Amurka irin su Taylor Swift da Beyoncé sun goyi bayan Kamala Harris a 2024, amma Trump ya kayar da ita. Ga shi kuma malaminmu ya ce Oprah Winfrey ce ta taimaki Obama ya zama shugaban ƙasa. Wanne zan ɗauka? Daga wata ɗaliba, Zariya.

AMSA: Yauwa 'yata, ki ɗauki duka biyun, domin ba zaɓe iri ɗaya ake magana a kai ba.

Malaminku bai yi ƙarya ba. Oprah ta bayyana goyon bayanta ga Obama a watan Mayun 2007, a Disamba kuma ta bi shi taruka a jihohin Iowa da New Hampshire da South Carolina. Daga baya wasu masana tattalin arziki biyu, Craig Garthwaite da Timothy Moore, suka bi gunduma gunduma suna duba inda aka fi sayen mujallarta da littattafan da take tallatawa a shirinta, suka gwada da ƙuri'un da Obama ya samu. Ƙiyasinsu shi ne ta ƙara masa kimanin ƙuri'a miliyan ɗaya. Amma ki lura da inda aka samu ƙarin: a zaɓen fid da gwani na jam'iyyar Dimokurat a 2008, tsakaninsa da Hillary Clinton. 'Yan jam'iyya ɗaya ne, manufofinsu kusan ɗaya, Obama kuma sanata ne sabon shiga da mutane da yawa ba su gama sani ba. Mai zaɓe yana tsaye yana wasiwasi, sai ga matar da ta shafe sama da shekara ashirin tana shiga falonsa ta talabijin, wadda ba a saba ganin ta tana tallata ɗan takarar shugaban ƙasa ba, ta ce ga wanda ta yarda da shi. Maganarta ta yi nauyi ne saboda ba ta saba sayar da ita a wannan kasuwa ba.

Babban zaɓe kuwa wani abu ne daban. Yawancin Amurkawa sun riga sun san jam'iyyarsu tun kafin a tsayar da ɗan takara. A 2016 Beyoncé da mijinta Jay-Z sun yi wa Hillary Clinton wasa a Cleveland ana saura kwanaki kaɗan zaɓe, Trump ya cinye jihar Ohio da tazarar kusan kashi 8 cikin ɗari. A 2018 Taylor Swift ta goyi bayan Phil Bredesen a takarar sanata ta jihar Tennessee, Marsha Blackburn ta kayar da shi. A ranar 10 ga Satumban 2024, bayan muhawarar Harris da Trump, ta wallafa goyon bayanta a Instagram tare da adireshin shafin rajistar zaɓe na gwamnati, kuma cikin awa 24 sama da mutum dubu 400 suka shiga shafin ta hanyarta. Adadi ne mai ban mamaki, sai dai shiga shafi daban, yin rajista daban, fita ranar zaɓe daban, sannan babu wanda ya leƙa ya ga wa suka zaɓa. A ƙuri'un wakilan jihohi, waɗanda da su ake cin zaɓen shugaban Amurka, Trump ya tashi da 312, Harris 226, kuma ya lashe duka jihohi bakwai da ake ganin su ne raba gardama. Matar da ke lissafin kuɗin ƙwai da hayar gida ba ta jiran attajirar mawaƙiya ta gaya mata halin da tattalin arziki ke ciki. Wani lokaci ma abin yana komawa baya, domin Trump ya daɗe yana nuna wa magoya bayansa taron taurarin nan yana cewa ga masu hannu da shuni can sun haɗa kai.

Kada kuma ki ɗauka shi ba shi da nasa. Ya zauna hirar kusan awa uku da Joe Rogan, mai shirin hira a intanet da samari ke saurare, kuma Rogan ya mara masa baya ana jajibirin zaɓe. Elon Musk ya zuba sama da dala miliyan 250. Amma na Musk kuɗi ne suka yi magana, na Rogan kuma kunnen mutanen da ba sa kallon labarai ya ara masa.

Tunda siyasa kike karanta, ga abin da za ki kai wa malaminku ku tattauna. Wurin da tauraro ya fi tasiri a Amurka, wato zaɓen fid da gwani, a Najeriya a 2022 a rufe yake. A can miliyoyin 'yan jam'iyya ne ke zaɓa. A nan kuwa daliget ne suka zaɓa. Atiku ya samu tikitin PDP a Mayun 2022 da ƙuri'a 371, Wike na biye da 237. Tinubu ya samu na APC a dandalin Eagle Square a watan Yuni da ƙuri'a 1,271. Wane mawaƙi ne zai juya ra'ayin daliget ɗin da gwamnansa ya kawo shi Abuja a mota, ya kama masa ɗaki a otal?

Abin da ya ɗan yi kama da na Oprah a nan shi ne na Peter Obi a Legas. Mawaƙa irin su tagwayen P-Square da 'yan fim da dama sun tsaya masa, sun yi ta kiran matasa su karɓi katin zaɓe, kuma ya kayar da Tinubu a gidansa da ƙuri'a 582,454 da 572,606. Amma a can ma akwai fushin zanga-zangar EndSARS ta Oktoban 2020, akwai coci-coci, akwai 'yan ƙabilar Ibo mazauna birnin. Taurarin sun tarar da tafiyar ta riga ta miƙa.

TAMBAYA: Malam, 'yata za ta yi zaɓenta na farko. Akwai wata jarumar fim da take bi a TikTok, duk abin da ta ce shi ne gaskiya a wurinta, har ta fara cewa wanda jarumar ta nuna shi za ta zaɓa. Wai don Allah ra'ayinsu ne suke faɗa ko biyan su ake yi? Kuma yaya zan ɓullo mata? Daga wata malamar firamare, Gusau.

AMSA: Malama, akwai masu ra'ayi na gaskiya, akwai 'yan kwangila, akwai kuma masu hangen kujera, kuma sau da yawa mutum ɗaya yana haɗa biyu. Waƙar siyasa sana'a ce, masu yin ta ba sa ɓoyewa. Ana biyan kuɗin situdiyo, ana biyan kuɗin hawa dandamali, ana ba da kyautar mota a bainar jama'a har a ɗauki hoto. A 2020 Rarara da kansa ya nemi masoya Buhari su tura masa naira dubu ɗaya ɗaya kafin ya saki sabuwar waƙa. A ƙarshen 2023 kuma shi ɗin ne ya zauna gaban 'yan jarida yana sukar mulkin Buhari, mutane suka yi ta tono tsoffin baitocinsa suna jefa masa. Muƙami ma yana biyo baya, a nan da wajen ƙasa. Youssou N'Dour na Senegal, da aka hana shi takara a 2012, ya mara wa Macky Sall baya, aka naɗa shi ministan al'adu da yawon buɗe ido. Wannan ba laifi ba ne a doka, sai dai banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma ya kamata mai sauraro ya san haka.

Su ma suna biyan nasu farashin. Ranar da aka bayyana Abba Kabir Yusuf a matsayin wanda ya ci zaɓen gwamnan Kano a Maris ɗin 2023, ɓata-gari sun cinna wa kadarorin Rarara wuta. Wannan ta'asa ce, ko kana son waƙarsa ko ba ka so. Shi ya sa wasu jaruman ke kame bakinsu, domin rabin masu kallon fim ɗinsu suna ɗaya ɓangaren.

Game da 'yarki, kada ki zagi jarumar a gabanta. Kina zagin ta, kin mayar da maganar ta zama tsakanin ke da ita, kuma yarinya mai shekara sha takwas ba za ta ba ki gaskiya ba. Ki zauna ku kalli bidiyon tare. In ya ƙare ki tambaye ta: me ta ce zai yi? In amsar ita ce "mutumin kirki ne" ko "shi ne mafita", ki ce to a wace jiha ya yi mulki, me ya yi wa makarantu, me ya ce kan 'yan bindigar da suka hana mutanen ƙauye noma? Ke malamar makaranta ce a Zamfara, kin fi jarumar sanin waɗannan nesa ba kusa ba. Sannan ku duba wa ta tallata a zaɓen baya. In a 2019 tana nan, a 2023 tana can, yarinyar za ta gani da idonta ba sai kin ce komai ba.

Hankalinki ya kwanta ta wani ɓangaren. A Arewa, maganar uwa da uba da miji da malamin da ke hawa mumbari ranar Juma'a ta fi ta duk wani jarumi nauyi a rumfar zaɓe, kuma 'yan siyasa sun san haka, shi ya sa da dare gidajen malamai suke zuwa, mawaƙa kuma a bar su da filin taro. In jarumar ta sa 'yarki ta je ta yi rajista ta karɓi katinta, ta yi miki rabin aiki.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, an turo mini bidiyo a WhatsApp, wani shahararren ɗan ƙwallon Turai yana magana da Hausa yana cewa a zaɓi wani ɗan takara. Muryarsa ce sak. Gaskiya ne? Daga wani mai gyaran waya, Jos.

AMSA: Ɗan'uwa, kai da ke gyaran waya ai kai ya kamata mu tambaya. Ɗan ƙwallon da bai taɓa taka Najeriya ba, yaushe ya koyi Hausa har da karin harshen Kano? Haɗi ne na kwamfuta, da fasahar ƙirƙirarriyar basira ake kwaikwayon murya a daidaita motsin leɓe. Ba a nan kaɗai ake yi ba. A Agustan 2024 Trump ya wallafa hotunan bogi masu nuna kamar Taylor Swift na goyon bayansa, kuma ita da kanta ta ambaci hakan cikin dalilan da suka sa ta fito ta faɗi wanda za ta zaɓa.

In irin wannan ya sake zuwa, ka shiga shafin mutumin na ainihi a Instagram ko Facebook ko X ka duba ko ya sa shi a can. Goyon bayan da aka yi don duniya ta gani ba ya ɓuya a guruf ɗin unguwa. Ka duba ko BBC Hausa ko wata jarida da ka sani ta ɗauki labarin. Ka kuma rage gudun bidiyon ka kalli bakin da haƙora, yawanci a nan aikin ke tonuwa. In ba ka same shi ko'ina ba, ka goge, ka kuma gaya wa wanda ya turo maka a guruf ɗin da ya turo, don sauran su gani.